Rikicewar al'ada da ɓatan wata

Rikicewar al'ada ita ce jinin mace ya daina zuwa a kan lissafinsa, wani watan ya zo da wuri, wani ya yi latti, ko ya ɗauke gaba ɗaya, ko kuma ya zo ya ƙi tafiya. A wajen likitoci in tazarar al'ada da al'ada tana tsakanin kwana 21 zuwa 35, jinin kuma bai wuce kwana 7 ba, to lafiya lau ne, ba dole sai kwana 28 cif-cif ba kamar yadda mata da yawa suka ɗauka. Yarinyar da ta fara gani kwanan nan, da matar da ta doshi shekara 45 zuwa 55 lokacin da al'ada ke shirin ɗaukewa, su dama nasu yakan yi wasa.

Mace mai aure in ta yi ɓatan wata abu na farko da ake dubawa ciki ne. Gwajin fitsarin nan da ake sayarwa a kemis sinadarin hCG yake nema, wanda jiki ke fitarwa bayan ciki ya kama, an fi so a yi shi da fitsarin farko na safe daga ranar da ya kamata jinin ya zo bai zo ba. Layi biyu ciki ne ko da na biyun dishi-dishi ya fito. In layi ɗaya ne kuma jinin shiru, a sake bayan sati ɗaya, don wani lokacin gaggawar gwadawa aka yi.

In ba ciki ba ne, yawanci homon ne suka rikice, wato sinadaran da ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar ƙwai ke aika wa juna, in ƙwai bai fita ba lissafin wata ya ɓaci. Babbar mai jawo haka ita ce PCOS, wato larurar homon da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, wadda likitoci biyu Stein da Leventhal suka bayyana a Amurka a 1935, mai ita takan yi wata biyu uku ba ta gani ba, ga ƙuraje a fuska, ga gashi a haɓa, wata ga ƙiba, haihuwa kuma ta yi jinkiri. Akwai yawan furolaktin, sinadarin ruwan nono, shi ya sa mai goyo take daɗewa ba ta gani ba, wata ma ba goyon amma nono na ɗiga. Akwai matsalar tayirod da ke wuya, da damuwa, da rama sosai. Allurar tazarar haihuwa ta wata 3 da ashanar hannu su ma suna ɗauke jini ko su sa ɗige-ɗige, kuma jinin ba taruwa yake a mara ba, fatar mahaifar ce ba ta yi kaurin da za ta zuba ba.

Abin da ke da haɗari sosai shi ne mace ta sha jiƙe-jiƙe ko ƙwayar kemis wai don jini ya sauko alhali ba ta gwada ba, tana iya ɓarar da cikin da take nema. Haka wadda aka ce mata cikinta ne ya kwanta ta zauna shekara tana jiran ya tashi, bayan sikanin na 'yan mintuna zai nuna abin da ke cikin mahaifar. Wata 3 babu al'ada babu ciki, a ga likitan mata. Amma ɓatan wata da ciwon mara ɓangare ɗaya, da ɗigon jini da jiri, wannan ba ya jiran gari ya waye, ciki ne zai iya zama a bututun mahaifa, in ya fashe jini ta ciki yake zuba.