Babbar fitila ba ta keta hazo

Da zarar hazon hunturu ya rufe hanya, direbobi da yawa sai su ƙure fitila, wai don su hango nesa. Tsohon kuskure ne. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara a rataye take, kuma idan haske mai ƙarfi ya doke ta, dawowa yake yi cikin idonka, ka ga kamar an shanya farin ƙyalle a gabanka. Mai tahowa kuwa, ka kashe masa ido a banza.

Ƙaramar fitila ƙasa take kallo, tana nuna kwalta da gefen titi. Ita za ka kunna, ko da rana ce, don a gan ka. Gudu kuma, kada ya wuce yadda za ka iya tsayawa iya inda idonka ya kai.