Tambayoyin da kuke ta maimaita min kan zaman mutanen Amurka na da

Turawa ne mutanen farko a can?

A'a. Na gaji da faɗin wannan. Ƙabilu irin su Wampanoag da Cherokee suna zaune a ƙasar tun kafin Turawan Ingila su sauka Jamestown da ke Virginia a 1607.

Turawan suna bikin Kirsimeti?

Ya danganta da wuri. A Massachusetts ma haramta shi aka yi a 1659, wanda aka kama tarar sule biyar, sai 1681 aka janye dokar.

To da me suke ɗebe kewa?

Gayya ce babba. Mutum zai gina rumbu ko ɗakin dabbobi sai maƙwabta su taru su ɗaga masa katakon, mata na girki, da kaka kuma a taru da dare ana ɓare masara ana hira ana waƙa. A Virginia masu gonakin taba sun fi son sukuwa da faɗan zakaru da caca. Kuma dan Allah ku daina mantawa da bayin da aka fara kawowa Virginia daga Afirka a 1619, bayin Afirka ne suka zo da asalin banjo, abin kiɗan nan mai tsirkiya, kalli ƙirarsa ta farko ta ƙwarya da fata sai ka tuna gurmi.

Ni malami ne, in koya wa ɗalibai cewa bikin godiya na Thanksgiving ya fara a 1621?

Malam, nan sai a hankali. Eh an yi liyafa a Plymouth, garin Turawan Ingila a Massachusetts ta yanzu, da kakar 1621, kwana uku ana ci, sarkin Wampanoag Massasoit ya zo da mutum wajen 90 har suka kawo barewa biyar, amma wasiƙar Edward Winslow, ɗaya daga cikin Turawan, da ta ba da labarin tsuntsayen daji kawai ta ambata, ba ta ce talotalo da ake ci a bikin yanzu ba, kuma Turawan su kansu ba su kira shi ranar godiya ba don a wurinsu ranar godiya ta addu'a ce a coci. Shugaba Abraham Lincoln ne ya mai da shi bikin ƙasa na kowace shekara a 1863. Kar ka ji tsoron koyarwa, faɗi 1621 ɗin, in yaran ƙanana ne ma za ka iya tsayawa nan. In sun kai sakandare kuwa ka gaya musu a 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawan da ɗan Massasoit ɗin, Metacom, aka kashe shi a 1676, aka kama matarsa da ɗansa, aka sayar da ɗan a matsayin bawa.