Me Ake Nufi Da "Sayar Da Kundin Waƙoƙi"?

Tun daga watan Disamban 2020, lokacin da aka sanar cewa mawaƙin nan na Amurka, Bob Dylan, ya sayar wa kamfanin Universal kundin waƙoƙinsa sama da 600, wannan lafazi ya zauna a bakin masu gabatar da shirye-shiryen nishaɗi, kuma da yawansu suna furta shi kamar a ce mutumin ya tattara kaset-kaset ɗinsa a buhu ya kai kasuwa. Na taɓa jin wani mai gabatarwa yana tausaya masa, wai daga ranar ba shi da ikon rera waƙarsa a gaban jama'a. Wannan kuskure yana damuna ƙwarai, domin yana rufe wa matasan mawaƙanmu ido daga sanin inda arzikin waƙa yake kwance.

Ruɗanin ya faro ne daga kalmar kundi. A wurin Bahaushe kundi abu ne da ake riƙewa a hannu, wato tarin takardun da malami ya cika da addu'o'i da fa'idoji, ya adana a gafaka, wanda idan ya rasu sai a miƙa wa magajinsa. Wanda ya karɓa ya samu komai, wanda ya bayar kuma hannunsa ya zama wayam. Abin da Dylan ya sayar kuwa haƙƙin mallaka ne, wanda ba a ganinsa da ido, kuma a kan kowace waƙa haƙƙi biyu ne ke hawa. Akwai na wanda ya tsara baitoci da karin waƙar, akwai kuma na sautin da aka naɗa a sutudiyo, wanda 'yan harka ke kira masta.

Waƙarsa mai suna All Along the Watchtower ta isa misali. Dylan ya fitar da ita a 1967, sai wani mawaƙin Amurka, Jimi Hendrix, ya ɗauke ta a 1968, ya sake naɗa ta da kukan jitarsa, har tasa ta fi ta mai waƙar tashe. Muryar da ake ji ta Hendrix ce, mastan ma na ɓangarensa ne, amma baitocin da karin suna nan a matsayin na Dylan. A Amurka gidajen rediyon AM da FM suna biyan mai haƙƙin tsara waƙa kaɗai, ba sa biyan mai masta. Ke nan duk lokacin da irin waɗannan gidaje suka sa naɗin Hendrix, kuɗin yana bin sawun Dylan ne, kuma tun bayan cinikin 2020 Universal ke karɓarsa. Wannan kwararar kuɗi da ba ta yankewa ita kamfanin ya saya, a kan farashin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 300. Mastocin Dylan kuwa ciniki ne daban, kamfanin Sony ya saye su a 2021.

Duk da haka, raina bai kwanta da wannan al'ada ta sayar da haƙƙin waƙa ba. Mai haƙƙin waƙa shi ke da ta cewa idan za a sa ta a fim ko a tallar mota. Gaskiya ne Dylan da kansa ya sha amincewa da talla, amma a lokacin shi ya ga dama. Yanzu Blowin' in the Wind, waƙar da aka rera a gangamin neman 'yancin baƙaƙen fata a birnin Washington a 1963, ma'aikatan kamfani ne za su yanke hukuncin inda za ta shiga, bisa lissafin riba. Yarjejeniyar dai ba ta haɗa da waƙoƙin da zai rubuta daga baya ba, kuma yana da shekara 79 lokacin da ya sa hannu.