Tattaki a Hanyar Gicciye ta Urushalima: Tambayoyi da Amsoshi

Daga ina ake farawa?

Jagorori da yawa sukan fara daga Dutsen Zaitun, a gangaro zuwa lambun Gatsemani, sannan a shiga tsohon birni ta Ƙofar Zakuna. Can ciki ne hanyar Via Dolorosa take, wato Hanyar Azaba, wadda Kiristoci ke tunawa da tafiyar Yesu ɗauke da gicciye.

Tana da nisa?

Ba ta wuce kimanin mita 600 ba, amma kada gajartar ta ruɗe ka. Zango 14 ne, wato wuraren tsayawa a yi addu'a, tara a kan titi, biyar a cikin Majami'ar Kabari Mai Tsarki, inda Kiristoci suka yi imani an gicciye Yesu aka kuma binne shi. Kuma hanyar ta ratsa kasuwa: kana addu'a, mai tura kaya yana neman hanya, mai turare yana kiran ciniki. Alamomin zangon ƙananan faranta ne na ƙarfe a jikin bango, wanda ba shi da jagora sai ya wuce uku bai sani ba. A zango na biyar, na Saminu Bakurane wanda ya taya Yesu ɗaukar gicciye, akwai dutse a bango da hannayen maziyarta suka goge har ya yi sulɓi.

Ainihin inda Yesu ya bi ke nan?

Jagora mai gaskiya zai ce maka al'ada ce ta tsara hanyar, ƙarnuka bayan zamanin Yesu. Masana da dama na ganin Bilatus, gwamnan Romawa, ya yi wa Yesu shari'a ne a fadar Sarki Hirudus, kusa da Ƙofar Yafa, ba a inda hanyar take farawa ba. Ni dai na fi yarda da jagoran da bai ɓoye wannan ba.

Majami'ar fa, ta wa ce?

An keɓe ta a shekarar 335, zamanin Sarki Kustantin. Ɗarikoki shida ke raba ta: Girkawa, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawa, Habashawa da Suriyawa. Mabuɗin kuwa yana hannun Musulmi: gidan Judeh ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗe ƙofa. Ɗaga kai kafin ka shiga, za ka ga wani tsani na katako a ƙarƙashin taga, yana nan tun ƙarni na 18, don ba mai taɓa komai sai da yardar kowa.

Yaushe ya fi?

Da sassafe, kafin layin kabarin ya yi tsawo. Mai son taro ya zo ranar Juma'a da yamma, lokacin da limaman Katolika na ƙungiyar Faransiskan ke jan jerin gwano. A rufe kafaɗa da gwiwa, a sa takalmi mai riƙe ƙasa, don duwatsun suna da santsi.