Waiwaye: A ina ake haɗa shafin intanet, kuma yaushe?

Shafin intanet na farko, wanda Tim Berners-Lee ya ɗora a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva a farkon shekarun 1990, fayil ne kawai a ajiye cikin kwamfuta. Burauza, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, ta nema, sabar, wato kwamfutar da ke ajiye da shafin, ta ɗauko ta miƙa, shi ke nan. Duk wanda ya zo, abu ɗaya zai gani, har sai mai shafin ya buɗe fayil ɗin ya gyara da hannunsa. Irin wannan ne ake kira tsayayyen shafi. Yana da sauri, ba ya cin ƙarfin na'ura, kuma da wuya ɓarawo ya sami ƙofar shiga, domin babu wata manhaja da ke aiki a bayansa.

Sai dai ba a daɗe ba mutane suka so shafi ya riƙa ba su amsa: a cike fom, a yi bincike, a sayi kaya. A 1993 masu aiki a cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois a Amurka, inda aka ƙera burauzar Mosaic, suka fito da CGI, wata ƙa'ida da ke ba sabar damar tayar da wata manhaja, ta miƙa mata buƙatar mai ziyara, ta karɓi abin da ta rubuto ta aika a matsayin shafi. Yawanci da Perl, harshen rubuta manhaja na Larry Wall, ake rubuta irin waɗannan manhajoji. Aibi biyu suka bayyana nan da nan. Kowace buƙata sai an tayar da manhajar daga farko, don haka in baƙi suka yi yawa sabar ta durƙusa. Wannan ya sa aka ƙirƙiro FastCGI da mod_perl a 1996, hanyoyin da ke barin manhajar a kunne tana jiran buƙata ta gaba. Aibi na biyu shi ne wanda ya fi daɗewa yana damun mutane: HTML ɗin shafin, wato alamomin da ke tsara kamanninsa, yana binne cikin umarnin manhaja, layi bayan layi, ta yadda mai son sauya launin kanun labari sai ya kutsa cikin aikin da ba nasa ba.

Rasmus Lerdorf ya juya abin. Kayan aikin da ya saki a 1995, waɗanda suka zama PHP, sun bar shafin a matsayin HTML, sai a bar 'yan gurabe a ciki inda umarni zai cike suna, ko kwanan wata, ko sakamako daga rumbun bayanai. ColdFusion ya fito a wannan shekarar, Microsoft ta kawo ASP a 1996, Sun ta kawo JSP a 1999, duk a kan wannan tunani. Wato PHP tun asalinsa harshen samfurin shafi ne (samfuri shi ne shafi mai gurabe da ake cikewa), kafin Zeev Suraski da Andi Gutmans su sake gina shi ya zama cikakken harshe a PHP 3 na 1998. Sauƙinsa ne ya ba shi duniya. Ka rubuta fayil, ka ɗora a sabar mai araha, ka sabunta burauza, aiki ya tashi.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Tunda gurbin yana karɓar kowane irin umarni, mutane suka riƙa cusa komai a ciki: tambayar rumbun bayanai, duba kalmar sirri, lissafin kuɗi, duk a tsakiyar teburin HTML. Shafi ɗaya sai ya zama ƙulli wanda ko mai shi ba ya iya warwarewa bayan 'yan watanni. Daga nan aka fara gardamar da har yau ba a rufe ta ba, wato nawa ne ƙarfin da ya kamata a ba samfuri.

Ɓangare ɗaya ya ce a ɗaure masa hannu. Smarty ya fito a farkon shekarun 2000 a matsayin harshen samfuri da aka ɗora kan PHP, abin da ya sa wasu suka riƙa tambayar amfanin gina samfuri a kan samfuri. Django, kayan aikin gina shafuka da harshen Python, wanda Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara a ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas, aka kuma sake shi ga jama'a a 2005, ya hana samfurinsa gudanar da Python kai tsaye da gangan, don mai tsara kamannin shafi ya yi aikinsa ba tare da ya taɓa injin ba. Mustache na 2009 ya ƙara matsewa, ya rage samfuri zuwa gurabe da 'yan alamomi. Ɗaya ɓangaren kuma ya ce mai rubuta manhaja ba yaro ba ne. Ruby on Rails na David Heinemeier Hansson, wanda ya fito a 2004, ya bar harshen Ruby sak a cikin samfurin ERB, ya dogara da tsarin raba aiki da kuma ladabin mai rubutu. Jinja na Armin Ronacher ya tsaya tsakani, kamanninsa na Django, igiyarsa kuma ta fi tsawo.

A ganina an ɓata lokaci mai yawa kan wannan gardama, alhali sauyin da ya fi ceton mutane wani ne daban. Idan baƙo ya rubuta umarnin JavaScript, harshen da burauza ke gudanarwa, a gurbin suna, samfuri kuma ya zuba shi cikin shafi yadda yake, burauzar mai karatu na gaba za ta gudanar da shi, ta nan a sace masa bayanan shiga asusunsa. Harin da ake kira XSS ke nan. Shekara da shekaru maganin yana hannun mai rubutu, sai ya tuna ya tace kowane gurbi, kuma mantuwa ɗaya ta isa. Django 1.0 a 2008 da Rails 3 a 2010 sun mayar da tacewar ta zama abin da ke faruwa da kansa, sai in mutum ya kashe ta da niyya. Duk wanda ke zaɓar injin samfuri yau, wannan ya kamata ya fara tambaya kafin kyawun rubutu.

Tsayayyen shafi kuwa bai taɓa mutuwa ba. Movable Type na 2001, manhajar wallafa rubuce-rubuce a intanet, yana haɗa shafuka tun lokacin wallafawa ya ajiye su a matsayin fayil, sai dai in rubuce-rubuce suka taru, sake gina su duka yakan ɗauki lokaci mai gajiyarwa. WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, yana haɗa shafi ne a duk sanda aka nema, kuma jama'a suka yi tururuwa zuwa gare shi, musamman bayan Movable Type ya sauya sharuɗɗan lasisinsa a 2004. Abin lura shi ne, manyan shafukan WordPress da baƙi suka yi wa yawa sun koma ajiye kwafin shafin da aka riga aka haɗa suna miƙa shi, wato tsayayyen shafi ta bayan gida. A 2008 Tom Preston-Werner ya rubuta Jekyll, manhajar gina tsayayyun shafuka, GitHub Pages ya ba shi masauki kyauta, Hugo ya biyo a 2013 da saurin gini da ya rage tsohon ƙorafin jira.

Bayan gina shafi tun da wuri da haɗa shi a sabar lokacin nema, wuri na uku da ake haɗa shafi shi ne burauzar mai karatu. Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 sun nuna ana iya sauya ɓangaren shafi ba tare da an sake loda shi duka ba. Kayan aikin JavaScript biyu, AngularJS a 2010 da React na Facebook a 2013, suka kai abin ƙarshe: sabar ta aiko da bayanai zalla, burauza ta gina komai. React ma ya koma haɗa alamomin shafi da umarni wuri ɗaya ta hanyar JSX, abin da aka yi shekara goma ana hani da shi. Ga manhaja irin ta taswira ko akwatin saƙo, wannan daidai ne. Ga shafin da mutum ya zo karantawa kawai, nauyi ne aka ɗora wa mai ƙaramar waya da raunin sadarwa, ya zauna yana kallon farin allo har JavaScript ya gama sauka. Ban ga hujjar da za ta wanke wannan ba.

Shi ya sa aka sake juyowa. Next.js a 2016 ya dawo da haɗa shafin React a sabar, daga baya ya ba da damar a zaɓa wa kowane shafi hanyarsa, wannan a gina shi tun da wuri, wancan a haɗa shi lokacin nema. A 2020 htmx da Hotwire suka fito da shawarar a bar sabar ta riƙa aiko da guntayen HTML da aka gama haɗawa, burauza ta liƙa su a inda ya dace. Ma'aunin da ya rage a hannun mai gini tambayoyi biyu ne: sau nawa abin da ke shafin yake sauyawa, kuma kowa abu ɗaya yake gani ko kowa da nasa? Bayanin kamfani da littafin jagora za su zauna lafiya a tsayayyen fayil. Kwandon sayayya da asusun mutum dole sai sabar ta haɗa su nan take. Wahalar tana ga shafukan da ke tsakani, kamar shafin kaya da bayaninsa ke daɗewa bai sauya ba amma adadin da ya rage a sito yana sauyawa kowane minti, inda dole mai gini ya yanke shawarar wane ɓangare za a ajiye, na tsawon wane lokaci, da kuma abin da zai goge tsohon kwafin idan bayanin ya sauya.