Kartar Poka ta Intanet da Kuɗi: Inda Doka Ta Tsaya Ga Mazaunin Abuja

Kafin mutum ya zuba ko naira ɗaya a shafin poka, abin da ya kamata ya fara sani shi ne wace hukuma ce ta ba shafin lasisi, kuma a ina lasisin yake aiki. Amsar wannan tambaya ta sauya gaba ɗaya ranar 22 ga Nuwamba, 2024, kuma har yau masu wasa da yawa suna tafiya a kan tsohon lissafi.

Tun 2005 akwai dokar caca ta ƙasa, wadda ta kafa hukumar NLRC mai ba kamfanoni izini. Jihar Legas ta kai ƙara Kotun Ƙoli a 2008, tana cewa caca ba hurumin Majalisar Tarayya ba ce. Bayan shekara 16, alƙalai bakwai suka yanke hukunci cewa caca ba ta cikin jerin abubuwan da kundin tsarin mulki ya keɓe wa tarayya, ba ta kuma cikin waɗanda tarayya da jihohi ke tarayya a kansu. Saboda haka ta jihohi ce. Dokar 2005 ta tsaya a Babban Birnin Tarayya kaɗai, domin nan ne Majalisar Tarayya ke yin doka a madadin majalisar jiha.

Ga mazaunin Abuja wannan ba ƙaramar magana ba ce, saboda yadda garin yake zaune. Mai aiki a Wuse da ke kwana a Mararaba, da safe yana ƙarƙashin dokar birnin tarayya, da daddare yana ƙarƙashin ta Nasarawa. Wanda ya wuce Zuba ya shiga Madalla ko Suleja ya faɗa jihar Neja, ɗaya daga cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Wayar dai ita ce, manhajar ita ce, amma dokar da ke kansa ta canza. Lasisin Legas da kamfani ya liƙa a ƙasan shafinsa ba ya nufin yana da izini a Kubwa.

Sai dokar laifuka. Abuja tana aiki da Final Kod, kamar sauran Arewa. Sashe na 205 ya nufi mai gidan caca ne da mai taimaka masa: wanda ya buɗe wuri jama'a na shiga don yin caca, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. A nan ne wasu samari ke afkawa ba su sani ba. Wanda ya buɗe zauren WhatsApp ko Telegram, yana karɓar kuɗin mutane a asusunsa, yana saka musu a manhajar poka, yana yankar kamasho, ya tashi daga ɗan wasa ya koma mai gudanar da caca ba lasisi. Kiran kansa wakili ba zai fisshe shi ba.

Za ka ji 'yan poka suna cewa wasansu na gwaninta ne, ba na sa'a ba. Maganar tana da tushe: dokar laifuka ta Kudu, a sashe na 236, ta haramta wasan karta wanda ba na gwaninta ba, har ta ambaci cacar wuri da sunanta. Amma wannan doka ba ta aiki a Abuja, kuma kamfanonin da kansu a sashen gidan caca suke ajiye poka. Kada ka dogara da wannan hujja. Ta fuskar addini kuwa babu wani ruɗani, ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haramta caca, kuma lasisin gwamnati ba ya taɓa wannan hukunci.

Yawancin manyan shafukan poka ba a Najeriya suke da rajista ba. Lasisinsu na Malta ne, ko Kurasawo, ko tsibirin Man. Irin wannan lasisi yana nuna cewa wata hukuma a can ta san da su, amma ba ya ba ka inda za ka kai kuka a nan. Idan suka riƙe maka dala 400, ba ofishi a Maitama ko Garki da za ka je ka zauna sai an biya ka, kuma kuɗin lauya a ƙasar waje ya ninka abin da kake bi. Mu a ganinmu wannan ne babban haɗarin, ya fi tsoron kamu nesa ba kusa ba. Don haka a duba abu uku: sunan kamfanin da aka yi wa rajista, wanda sau da yawa ya bambanta da sunan manhajar, ko sunan yana cikin jerin da hukumar da kanta ta fitar, da kuma irin lasisin, domin izinin cacar ƙwallo daban, na gidan cacar intanet daban.

Wanda bai kai shekara 18 ba, babu maganar buɗe asusu.

Inda aka fi kuka shi ne wajen cire kuɗi, kuma dalilin yana cikin doka. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta sa gidajen caca, har da na intanet, cikin wuraren da dole su tantance abokin hulɗa, su ajiye bayanan mu'amalarsa, ƙarƙashin kulawar sashen SCUML na hukumar EFCC. Mu'amalar da ta haura naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, ana kai rahotonta. Shafuka da yawa suna barin ka zuba kuɗi da lambar waya kawai, sai ranar da ka nemi cirewa su ce kawo katin shaida, da hoton fuskarka riƙe da katin, da takardar banki ko ta wutar lantarki mai adireshinka. In ka yi rajista da Sani M. Bello alhali NIN ɗinka na ɗauke da Muhammad Sani, ko ka zuba kuɗi da katin matarka, cirewar za ta tsaya cak. Hanyar kauce wa wannan ita ce a kammala tantancewa kafin a zuba komai, suna ɗaya a ko'ina, sannan a gwada cire ƙaramin kuɗi tun a makon farko. Yin rajista da shaidar wani kuma ya wuce saɓa ƙa'idar shafi, laifin satar shaida ne a dokar laifukan intanet ta 2015. Mai ɓoye ƙasarsa da VPN shi ma ya ba kamfanin hujjar ƙwace duk abin da ke asusunsa, domin yana rubuce cikin sharuɗɗan da ya amince da su.

Masu zubawa da kirifto suna da tasu matsalar. Babban Bankin Najeriya ya janye, a Disambar 2023, haramcin da ya sa wa bankuna a 2021 kan hulɗa da kirifto, amma wanda ya sayar da kuɗin kirifto na USDT ga baƙo ya karɓi naira, bai san asalin nairar ba. In ta damfara ce, asusunsa ne za a toshe, shi ne kuma zai yi bayani.

Haraji ma yana nan. Ƙa'idojin cire haraji daga tushe na 2024 sun sa kashi 5 cikin 100 a kan abin da mazaunin Najeriya ya ci a caca, kashi 15 ga wanda ba mazauni ba. Wanda ya ci naira 200,000 a kamfani mai bin ƙa'ida, 190,000 zai gani.

Akwai kuma yankan da doka ba ta hana ba, wanda sabon shiga ba ya lura da shi. A nau'in poka na Texas Hold'em ba da gidan kake karawa ba, da 'yan uwanka 'yan wasa ne, gidan kamasho yake ɗauka daga kuɗin tsakiya, galibi wajen kashi 5 cikin 100 zuwa wata iyaka. Ɗauki teburin mutum shida, kowa da naira 10,000. In kowane zagaye ya tara 2,000, gida ya ɗauki 100. Zagaye 60 a awa ɗaya, 6,000 ke nan, ushirin duk kuɗin teburin ya fita ba wanda ya ci shi cikinsu. Garaɓasar maraba da ake ba sabon mai rajista ma da wannan kamasho ake ɗaure ta: ana sakinta kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ka biya gida, kuma tana da wa'adi. A sharuɗɗan shafin, nemi sashen kamasho da na garaɓasa da na rufe asusu, ka ɗauki hotonsu da kwanan wata, domin kamfani na iya sauya su, kuma su ne shaidarka idan ka kai ƙorafi gaban hukumar da ta ba shi lasisi.