Sauya sheƙar direbobi a gasar Formula 1

Sauya sheƙar direbobi a gasar Formula 1 shi ne tashin direba daga wata ƙungiyar tsere zuwa wata, ko dai bayan kwantiraginsa ya ƙare, ko kuma a warware shi tun wa'adi bai cika ba. Tun da aka fara gasar duniya ta tseren motoci a 1950, wannan batu na sahun gaba wajen raba kan magoya baya, wani lokacin har ya fi tseren kansa jawo musu. Abu biyu ne suka sa haka: kujerun ba su da yawa, motocin kuma ba ɗaya ba ne. Mota biyu kowace ƙungiya ke sakawa. Daga 2017 zuwa 2025 ƙungiyoyi 10 ne, wato kujeru 20, sai shigowar Cadillac a 2026 ta kai su 22. Kuma tun da kowace ƙungiya ita ke tsara tata motar, gwanin direba na iya shafe shekara guda a bayan dangi idan ya faɗa mota mara ƙarfi.

Yadda cinikin yake

Ba kamar ƙwallon ƙafa ba, a nan babu kasuwa mai ranar buɗewa da ranar rufewa, kuma ba a cika biyan kuɗin sayen direba ba. Direba da wakilinsa ne ke zama da shugabannin ƙungiya, a sa hannu kan shekara ɗaya, biyu ko fiye. Sau da yawa akan saka sharaɗin da ke ba wani ɓangare damar tsawaitawa ko ficewa, misali idan ƙungiya ta kasa kai wani matsayi a teburi zuwa tsakiyar kaka. Da yake ba a wallafa waɗannan takardu, rabin musun magoya baya a kan abin da ba su gani ba ne. Jita-jitar takan fi zafi a hutun watan Agusta, lokacin da babu tsere, babu kuma abin tattaunawa sai wa zai koma ina.

Dole direba ya mallaki babban lasisin FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya, wanda ake samu da maki 40 da aka tara a ƙananan gasanni cikin shekara uku. Manyan ƙungiyoyi irin su Red Bull, Ferrari da Mercedes na da makarantun renon matasa, inda suke kashe kuɗi a kan yaro tun yana tseren ƙananan motoci. Daga 2021 aka ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe a shekara, aka fara da dala miliyan 145, amma albashin direbobi ba ya cikin wannan lissafi, don haka mai kuɗi na iya zuba wa wanda yake so ko nawa ne. A ƙananan ƙungiyoyi kuwa akan samu akasin haka: direban da ya zo da masu ɗaukar nauyi ya ture wanda ya fi shi gudu.

Hukumar tantance kwantiragi

A watan Agustan 1991 ƙungiyar Jordan ta rasa direbanta Bertrand Gachot, wanda aka ɗaure a Landan, sai ta ba wani matashi ɗan Jamus mai suna Michael Schumacher kujerar a tseren Beljiyam. Ya zo na bakwai a zagayen neman gurbi, motar ta lalace masa a zagayen farko na tseren. Mako biyu bayan haka, a Monza, sai ga shi cikin motar Benetton. Jordan ta garzaya kotu a Landan, ba ta yi nasara ba. Wannan rigima ce ta sa aka kafa hukumar lauyoyi mai zaman kanta a birnin Geneva, wadda ake kai wa kowane kwantiragi ta yi masa rajista, ita ce kuma ke yanke hukunci idan ƙungiyoyi biyu suka ce direba ɗaya nasu ne. A 2004 ta hana Jenson Button barin BAR zuwa Williams. Shekara guda bayan nan Button ɗin ne ya biya kuɗi don ya kuɓuta daga alƙawarin da ya yi wa Williams, saboda a lokacin ya ga zamansa a inda yake ya fi masa.

Hukuncinta da ya fi tashe a baya-bayan nan shi ne na 2022, kuma labarinsa na nuna yadda motsin mutum ɗaya ke girgiza kowa. Ranar 28 ga Yuli Sebastian Vettel ya ce zai yi ritaya. Ranar 1 ga Agusta Aston Martin ta sanar da ɗaukar Fernando Alonso, direban Alpine, a madadinsa, shugaban Alpine na lokacin, Otmar Szafnauer, ya ce shi ma a sanarwar manema labarai ya gani. Washegari Alpine ta fitar da tata sanarwa cewa Oscar Piastri, matashin da ta raina, shi zai gaji Alonso. Ba a yi awa biyu ba Piastri ya rubuta a Twitter cewa ba da yawunsa aka fitar da sanarwar ba, bai sa hannu ba, kuma ba zai tuƙa wa Alpine ba. Ranar 2 ga Satumba hukumar ta tabbatar cewa kwantiragi ɗaya ne mai inganci, wanda ya ƙulla da McLaren tun 4 ga Yuli. Daniel Ricciardo ya rasa kujerarsa a McLaren, Pierre Gasly ya koma Alpine, Nyck de Vries ya shiga gurbin Gasly. A lokacin wasu sun kira Piastri butulu, wasu suka ce sakacin Alpine ne da ba ta ɗaure shi da takarda ba. McLaren ta lashe gasar ƙungiyoyi a 2024 da 2025 da shi a kujera.

Mota ce ko direba

A ƙarƙashin kusan kowane musu akwai wannan tambaya guda, kuma sauya sheƙa ita ce gwajin da ya fi kusa da amsa ta. Muddin direba na cin tsere a mota mafi ƙarfi, masu adawa da shi za su ce motar ce. Sai ya tashi ake sa ran ganin nasa.

Tsofaffin masoya gasar kan kafa hujja da Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina, wanda ya ci kambu biyar tsakanin 1951 da 1957 da ƙungiyoyi huɗu: Alfa Romeo, Maserati, Mercedes da Ferrari. Masu yabonsa na cewa duk motar da aka ba shi zai ci. Masu sa ido kuma na cewa ya iya gane motar da za ta ci ne kafin kowa, ya riga kowa shiga. Duka biyun gaskiya ne, kuma na biyun ba aibi ba ne.

Schumacher ya bar Benetton a ƙarshen 1995 da kambu biyu a hannu, ya koma Ferrari wadda rabonta da kambun direbobi tun 1979. Shekara huɗu ya yi bai samu ba, daga nan ya jera biyar daga 2000 zuwa 2004. Abin da akan manta a wurin musu shi ne bai tafi shi kaɗai ba: Ross Brawn da Rory Byrne, waɗanda suka gina masa motocin Benetton, sun biyo shi zuwa Maranello, garin da Ferrari take a Italiya, suka haɗu da shugaban ƙungiyar, Jean Todt.

Misalin da aka fi jawowa shi ne na Lewis Hamilton. McLaren ce ta ɗauki nauyinsa tun yana ɗan shekara 13, da ita ya ci kambun 2008. A watan Satumbar 2012, kwanaki kaɗan bayan akwatin giyar motarsa ya lalace yana kan gaba a Singapo, aka sanar zai koma Mercedes ya maye gurbin Schumacher, wanda ke tuƙa mata a lokacin. A shekarar McLaren ta ci tsere bakwai, Mercedes ɗaya tak, ta kuma ƙare ta biyar. Masu sharhi da dama sun ce ya bi kuɗi ya kashe kansa. Sai dai a 2014 aka sauya dokar inji zuwa ƙarami mai haɗe da lantarki, Mercedes kuma ta daɗe tana shiri a kansa. Hamilton ya ci kambu shida da ita. McLaren kuwa ba ta sake cin tsere ba sai 2021.

Alonso shi ne ɗaya fuskar. Kusan babu mai musun bajintarsa, amma bayan kambun 2005 da 2006 da Renault, ƙafarsa ba ta sake sauka a daidai ba. A 2007 ya je McLaren ya tarar da Hamilton sabon shiga, zaman ya yi tsami, kowannensu ya ƙare da maki 109, Kimi Räikkönen na Ferrari ya ɗauke kambun da 110. A Ferrari sau uku yana zuwa na biyu. A 2015 ya koma McLaren daidai lokacin da injin Honda ke ta lalacewa. Nasararsa ta 32 ya same ta a Sifaniya a 2013, har ƙarshen kakar 2025 bai ƙara ba. Magoya bayansa na cewa rashin sa'a ne, wasu na cewa halinsa ne ya rufe masa ƙofofi. Ricciardo ma ya bar Red Bull zuwa Renault a ƙarshen 2018, kafin Max Verstappen ya jera kambu huɗu da ƙungiyar daga 2021.

Idan aka jera waɗannan, za a ga cewa lokacin tashi da sauyin dokokin ƙera mota sun fi sunan ƙungiya tasiri. Ma'aunin da ya rage wa mai son adalci shi ne abokin ƙungiya, tun da shi kaɗai ke tuƙa mota iri ɗaya. Da wannan aka auna Vettel a Red Bull a 2014, lokacin da Ricciardo ya ci tsere uku shi bai ci ko ɗaya ba, da shi kuma aka auna Ricciardo a gaban Lando Norris a McLaren.

Amana da halacci

Ɗaya ɓangaren musun ba na gudu ba ne, na hali ne. Magoya baya iri biyu ne: masu bin ƙungiya da masu bin direba. Na Ferrari, waɗanda ake kira tifosi, ƙungiyar ce a gabansu, direba baƙo ne komai girmansa. Niki Lauda ya ci musu kambun 1977 ya tafi tun saura tsere biyu, bayan dangantaka ta lalace. Alain Prost ya bar McLaren a ƙarshen 1989 saboda gabarsa da Ayrton Senna, ya kai wa Ferrari lamba 1 ta mai riƙe da kambu, amma a 1991 suka kore shi kafin tseren ƙarshe bayan ya kwatanta motarsu da babbar motar kaya. Da ya je Williams a 1993 sai da ya saka sharaɗin cewa ba za a haɗa shi da Senna ba.

Masu zargin direbobi da rashin halacci sukan gamu da amsa ɗaya: ƙungiyoyin ma ba su da shi. Williams ta rabu da Damon Hill a shekarar da ya ci mata kambu, 1996, ya ƙare a ƙaramar ƙungiyar Arrows. Red Bull, mai ƙungiyoyi biyu, takan musanya direbobi ana tsakiyar kaka. A watan Mayun 2016 ta sauke Daniil Kvyat ta ɗora Verstappen, ya ci tserensa na farko da ita a Sifaniya yana ɗan shekara 18, bakin masu suka ya mutu. A 2019 ta sauke Gasly ta ɗora Alexander Albon, a 2025 kuma tsere biyu kacal Liam Lawson ya yi aka maye gurbinsa da Yuki Tsunoda, babu wanda ya iya kamo ƙafar Verstappen a cikinsu.

Hamilton a Ferrari

Ranar 1 ga Fabrairun 2024, tun ba a fara kakar ba, aka sanar Hamilton zai koma Ferrari a 2025. Ya yi shekara guda cur yana tuƙa wa ƙungiyar da kowa ya san zai bari. Carlos Sainz, wanda aka ture, ya ci tseren Ostireliya mako biyu bayan an yi masa tiyatar cire afendis (appendix), ya ƙara da na Meziko, abin da ya ba masu cewa an zalunce shi makami. Masu goyon bayan matakin sun ce babu ƙungiyar da za ta ƙi mai kambu bakwai, ga kuma kasuwar da sunansa ke jawowa. Masu shakka suka nuna shekarunsa 40 da kuma yadda Prost, Alonso da Vettel duk suka je Maranello da kambu suka fito ba ƙari.

Kakar 2025, ta farkonsa a Ferrari, ta ba masu shakka gaskiya. Hamilton ya ci gajeren tsere a ƙasar Sin, washegari aka soke sakamakonsa na babban tseren saboda katakon ƙarƙashin motar ya cinye fiye da ƙa'ida. Ya gama shekarar na shida ba tare da shiga ukun farko ko sau ɗaya a babban tsere ba, karon farko a rayuwarsa ta gasar, alhali Charles Leclerc ya shiga sau bakwai da mota iri ɗaya. Sainz a Williams ya zo na uku a Baku da Katar. Magoya bayan Hamilton sun mayar da hujjarsu kan 2026, shekarar da aka sake dokokin inji da na jikin mota baki ɗaya, suna tuna wa mutane 2014.

Masu ƙera motar

A 'yan shekarun nan musun ya faɗaɗa zuwa injiniyoyi. Adrian Newey, wanda motocinsa suka ci kambu a Williams, McLaren da Red Bull, ya fara aiki a Aston Martin a watan Maris na 2025, labarin tashinsa ya yi amo kamar na babban direba. Su injiniyoyi ba sa shiga sabon wuri nan take yadda direba ke yi. Tsohuwar ƙungiya kan zaunar da mutum a gida na watanni tana biyansa albashi, don sirrin motar da ke kansa ya tsufa kafin ya isa wurin abokan hamayya.